Malama Rahmatu da Fili Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Da ta idar da sallar asuba, kafin ma ta hura gawayin shayi, Malama Rahmatu Halliru takan ɗiga maganin ido, ta zauna bakin katifa idanunta a rufe har raɗaɗin ya lafa. Sai ta leƙa ɗakin mahaifiyarta, Inna Indo, ta gyara mata mayafi, ta ajiye mata kunu inda hannunta zai kai. Daga nan ta rataya tsohuwar jakarta, ta fito bakin hanyar Gawi ta tsaya jiran mota. Mota biyu take shiga kafin ta isa wurin aiki. Ta farko ta sauke ta a kasuwar Dembe, ta ratsa tsakanin 'yan gwanjo da masu busasshen kifi, ta kama ta biyu. In damina ce silifas take sawa, takalmin aikin yana cikin leda, domin daga ƙofar gidansu zuwa titi sai an tattare zani. Duk da haka ƙarfe bakwai da rabi a bakin ƙofar aikinta take yi mata.

Wurin aikin wata 'yar cibiya ce a Njamena inda ake koyar da labarin ƙasa da tsarin birni, ɗalibai suna kiranta Santar. Azuzuwa uku ne, sai ɗakin takardu can ƙarshen baranda kusa da famfo. A wannan ɗaki ta yi shekara goma sha takwas. Ƙarshen watan nan na Yuni, 2009, za ta miƙa makulli ta koma gida. Ba a shirya taro ba, ba a buga kati ba. Shi ya sa muka ga gara a faɗi abin da ta yi tun tana ji da kunnenta.

Kakanta ya baro Haɗeja da ƙafa da niyyar Makka. Ciwo ya tsayar da shi a bakin kogin Shari, ya warke, ya yi aure, tafiya ta tsaya nan. Shi da ire-irensa suka kafa 'yar unguwa a bayan unguwar Gardole, nan Njamena, aka riƙa ce mata Tudun Alhazai, ko da yake rabin waɗanda suka kafa ta har suka koma ga Allah ba su ga Ka'aba ba. Nan aka haifi Rahmatu. A yaƙin 1980 suka tsallaka kogi zuwa Kusiri a kwalekwale, ta ci gaba da karatu a Kamaru har ta gama jami'a. Da suka dawo suka tarar an kwashe rufin gidan, bango duk tabon harsashi. Yayanta Ilyasu, tela ne, shi ya sake rufa shi kwano ɗaya bayan ɗaya. Ta yi aure, mijin ya rasu ba su samu haihuwa ba, ta dawo ɗakin da ta tashi a ciki.

A 1991 aka ɗauke ta aiki a Santar, kuma ba koyarwa aka ɗauke ta ba, tsaron takardu ne. Ta tarar da su jibge a ƙasa: taswirorin gari tun na zamanin Faransawa, dokokin filaye, rahotannin ƙwararrun da kan zo su yi mako uku su rubuta shafi ɗari biyu su tafi. Gara ta ci na ƙasa, yoyo ya jiƙa na sama. Shekara guda ta yi tana shanya su a baranda, tana jerawa, tana sa ƙafafun kantocin takardu cikin gwangwanayen baƙin mai don gara ta rasa hanya. Kuma duk takardar da ta ɗaga sai ta karanta ta kafin ta ajiye. Ba wanda ya sa ta.

Koyarwar ta faro ne daga wani ɗalibi mai suna Ja'afar. Wata rana da la'asar ta gan shi ya buɗe wani rahoto yana ta rubutu kansa a sunkuye.

"Ja'afar, me kake yi ne haka?"

"Kwafa nake, Malama. Babin farko na memwar ɗina ne, wanda zan miƙa in fita."

"To karanta mini layin da ka kwafa yanzu."

Ya karanta da Faransancinsa mai kyau.

"Faɗa mini da Hausa, yadda za ka faɗa wa kakarka."

Ya ɗan yi tunani. "Wai za a 'yantar da filayen da ke bakin kogi."

"Daga hannun wa? Wa ya kama su bauta?"

Ja'afar ya yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. "Akwai mutane a wurin fa, Malama. Masunta ne."

"Su nawa?"

Ya juya shafi, ya sake juyawa. "Takardar ba ta faɗa ba."

"To wa zai yi 'yantarwar?"

"Cewa ta yi za a yi."

"Ka kwafe shafi uku, ba ka san wanda zai yi ba, ba ka san wanda za a yi wa ba. Ajiye alƙalamin nan, jawo kujera."

Washegari ya dawo da abokansa biyu. Kafin shekara ta juyo, duk Talata da Alhamis ɗakin takardu cika yake, wasu a ƙasa, wasu a taga. Da shugaban cibiyar ya ga haka sai ya sa darasin cikin jadawali, ya ba shi suna, nazarin takardun hukuma. Ita kuwa a takardar aikinta har yau mai tsaron takardu ce.

Duk wanda ya zauna ajin nan ya san fensir biyu. Ja na jan layi ƙarƙashin duk abin da takarda ta ce za a yi, shuɗi na duk inda aka ambaci ɗan Adam. In aka gama sai ta ce a ɗaga shafin sama a kalle shi daga nesa. Sau da yawa sai ka ga shafi ya yi jajir, shuɗi ɗigo biyu ko babu. Takan sa su ƙirga kalmomi kamar masu tsintar shinkafa: sau nawa aka ce fili, sau nawa aka ce gida. Takan kawo doka ɗaya a bugu biyu, tsohuwa da sabuwa, ta ce a nemo abin da ya fita a tsakani, domin a cewarta abin da aka cire ya fi abin da aka ƙara magana. Sannan kowa sai ya mayar da sakin layi guda harshen gidansu, mai Larabci da Larabci, mai Ngambai da Ngambai, mai Kanembu da nasa. Wanda ya kasa, ta ce bai karanta ba tukuna.

Ba ta tsaya a aji ba. A watan Agusta na 1998, shekarar da ruwa ya ci gari, ta ɗebi ɗalibai goma sha biyu ta kai su wani wuri da rahoto ya ce ya dace da gini. Suka tsaya ruwa har gwiwa, ita tana riƙe da rahoton a saman kai.

"Ga takarda, ga ƙasa," in ji ta. "Me kuka gani?"

"Ƙarya suka yi, Madam!" wani ya faɗa.

"Kada ka yi saurin cewa ƙarya. Duba shafin ƙarshe, wane wata suka zo awo?"

Ya duba. Afrilu ne, tsakiyar rani.

"To ka gani. Mai ƙarya da sauƙi, in ka kama shi shi ke nan. Wanda ya faɗi gaskiyar watan Afrilu ya yi shiru da ta Agusta, shi ne aikinku."

Ke ce, Malama, kika koya wa 'ya'yan mutane cewa takardar hukuma mutum ne ya rubuta ta, a kan tebur, da rana, yana da wanda yake tsoro da wanda bai taɓa gani ba. Ke ce mai jan fensir, wadda ɗalibi ke fita ɗakinki ransa a ɓace ya dawo bayan shekara goma yana godiya. Ba ki taɓa koya wa kowa zagin hukuma ba, kuma ba ki koya wa kowa yi mata tafi ba. Cewa kike a karanta.

Ja'afar ya fita da sakamako mafi kyau a shekararsu, ya samu aiki a wani ofishi da ke kula da rabon filaye. Da farko duk salla sai ya kawo mata dabino. Da ya fara hawa sama, zuwan ya ja baya. Ba ta riƙe shi a rai ba. Takan ce wa sababbin ɗalibai, "Akwai ɗana a can, ya iya karatu."

A 2003 wata ɗaliba mai suna Kausar ta zo da aikin kwatanta takardu biyu na tsarin tsakiyar gari, ɗaya ta 1996, ɗaya sabuwa da ba a gama tabbatarwa ba. Ta jera sunayen unguwannin da kowace ta ambata, kamar yadda aka koya mata. Ta zo ta tsaya gaban tebur tana juya takardar a hannu.

"Malama, ina jin na yi kuskure. Unguwa ɗaya ta ɓata mini. Tana cikin tsohuwar, babu ita a sabuwar."

"Wacce?"

"Tudun Alhazai."

Malama Rahmatu ta karɓi takardun, ta shimfiɗa taswirorin biyu gefe da gefe. A ta 1996 ga sunan nan a rubuce, da lungunan, da alamar masallaci. A sabuwar, wurin fari ne fes, an zagaye shi da layi, an rubuta lamba goma sha bakwai a tsakiya. Ta bi jerin bayanai da yatsa har ta kai ga lambar. An rubuta: fili da aka keɓe don ayyukan gaba.

"Ba ki yi kuskure ba, 'yata," ta ce. "Je ki sha ruwa."

Kausar ta ce ta leƙo ta taga ta ga Malama zaune, hannunta biyu a kan taswirar, ba ta motsi. Yarinyar ba ta san gidan malamarta na cikin farin wurin nan ba.

Da yamma ta koma unguwa da ƙafa. Yara na ta ƙwallo a bakin masallaci, mata na jeren bokiti a famfo, ƙarar keken Yaya Ilyasu na fitowa daga zaure. Ta shiga ta zauna a benci ta yi masa bayani. Bai ɗaga ƙafarsa daga keken ba.

"Rahmatu, takarda ce fa kawai."

"Yaya, sun cire sunanmu."

"To su cire. Yaƙi bai tashe mu daga nan ba sai lamba? Tun ina yaro ake cewa za a fasa unguwar nan. Ke dai karatu ya yi miki yawa, har inda ba rubutu sai kin karanta."

Ta je wurin Bulama Yunusu, mai unguwa, tsoho ne da ya yi zamani da mahaifinsu. Ya saurare ta har ta gama, ya shafa gemu.

"'Yar Halliru, yanzu me kike so mu yi?"

"Baba, mu rubuta kanmu kafin a rubuta babu mu. Gida nawa ne, mutum nawa, tun yaushe, wa ke da takarda, wa ba shi da ita. Mu kai musu, su buga hatimi sun karɓa."

"In kuma sun manta da mu ne, muka je muka tuna musu fa?"

"Wanda ya ba mu lamba bai manta da mu ba, Baba."

Tsohon ya ce, "Bismillah. Amma ki sani, in abin ya zo, wasu ke za su kama."

Shekara huɗu ta yi tana wannan aiki. Duk Asabar ita da Kausar da duk ɗalibin da ya ga dama suna bin gida gida. Tsofaffi suka riƙa zaro takardu daga ƙasan akwati, wasu tun na Faransawa, sun yi laushi kamar tsumma. Inda babu takarda ta nemi hoto, inda babu hoto ta nemi shaidu uku. A rumfar Bulama ta riƙa karanta wa mutane dokar filaye layi layi, tana mayarwa Hausa da Larabci, tana nuna musu inda ta ba su ƙarfi da inda ta bar su a rana. Ba ta taɓa ce wa kowa za a yi nasara ba.

Akwai Murja, bazawara mai sayar da gyaɗa, wadda ta shekara ashirin da biyu tana haya a ɗaki ɗaya. Da aka zo kanta ta ce, "Ni ba ni da ko tsinke a rubuce, Malama. Ku wuce kawai."

"Ba za mu wuce ba. Faɗi sunanki da na 'ya'yanki."

"Zai yi amfani?"

"Ban sani ba, Murja. Amma za a rubuta."

Gida ɗari da arba'in da uku suka ƙirga. Casa'in da biyu masu wata shaida ta mallaka, hamsin da ɗaya 'yan haya da waɗanda aka ba wa ɗaki aro, yawanci zawarawa da tsofaffi. Ta haɗa kundi guda, 'yan hayan a shafukan ƙarshe. Sau uku ta kai shi ofis, sau uku aka buga mata hatimi aka ce za a duba. A unguwa kuwa magana ta fara yawo, wai 'yar Halliru tana tono wa mutane abin da ke kwance. Wasu matan suka daina aiko mata da tuwon suna.

Bayan harbe-harben watan Fabrairu na 2008, gari bai gama farfaɗowa ba, wata safiya aka ga mutane da gwangwanin jan fenti suna bin bango suna gicciya alama. Suka manna sanarwa a bangon masallaci: kwana goma sha biyar. Malama Rahmatu ta fito, a lokacin ciwon idon ya riga ya fara, ta zaro gilashin ƙara girma daga jaka ta kusanci bangon. Mutane suka yi cirko-cirko a bayanta.

Ta karanta sau biyu. Ba ta taɓa ganin sanarwa irinta ba. Babu "za a yi" a cikinta ko ɗaya. Ta faɗi wanda zai rusa, ta faɗi rana, ta kira unguwar da sunanta, Tudun Alhazai, ta ce gidaje casa'in da biyu za su samu fili a madadin nasu. Tun kafin ta kai ƙasan takardar ta san hannun wanda ya rubuta. Sunan Ja'afar ne a wurin sa hannu.

Kwana biyu bayan haka ya zo Santar da tsakar rana. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa. Ya tsaya bakin ƙofar ɗakin takardu ya yi sallama, ta amsa, ba ta ce ya zauna ba.

"Malama, na zo ne in yi miki bayani."

"Ina jin ka."

"Wallahi abin ya fi ƙarfina. Takardar da aka miƙo mini cewa ta yi fili mai lamba goma sha bakwai, babu kowa a kai. Ni na ɗauko kundinki daga inda aka jefa shi, na ajiye a gabansu da hatiminsu a jiki. Mako guda ina fama kafin su yarda a sa sunan unguwar da maganar filaye. Da na ƙi sa hannu, wani zai sa, kuma ko mutum ɗaya ba zai samu komai ba."

"Na gani. Ka rubuta ta da kyau. Ɗari da arba'in da uku na kai. Ina hamsin da ɗaya?"

Ya dubi ƙasa. "An cire shafukan, Malama."

"Ja'afar. Ni za ka ce wa 'an cire'?"

Kausar, wadda a lokacin ta zama mai taimaka mata a aji, tana zaune a kusurwa tana jin su.

"Ni na cire," ya ce. "Suka ce ko in kawo masu takarda kaɗai, ko su watsar da duka. Na zaɓa."

Malama Rahmatu ta cire tabaraunta ta goge da bakin mayafi. "Da ni ce a kujerarka ban san abin da zan yi ba. Amma ka riƙa faɗa haka, ni na cire. Kada ka bari bakinka ya saba da ɗayar." Ta mayar da tabarau. "Je ka, Allah ya yafe mana, ni da kai."

Ranar da wa'adi ya cika, katafila ta iso da hantsi. Yaya Ilyasu tun jiya yake kan rufi yana ɓamɓare kwanon da ya kafa da hannunsa, yana miƙo shi ƙasa. Inna Indo ta ƙi fita, sai a kan kujerarta aka ɗauko ta, tana tambayar ina za a kai ta ba ta ɗauki carbinta ba. Murja na tsaye bakin hanya da tukunyar suyar gyaɗa a ka, 'ya'yanta uku riƙe da zaninta. Da ta ga Malama sai ta ɗaga murya.

"Kin ce za a rubuta! Ga shi an rubuta, Malama. Ina zan je?"

Wani daga baya ya ce, "Ita ta kai sunayenmu ai. Da ta bar mu da yanzu muna zaune."

Malama ta tsaya a wurin har bangon ɗakinta ya kwanta, sannan ta juya ta bi motar kaya.

Filayen da aka ba gidaje casa'in da biyun suna can hanyar Gawi, a kwari. Ta san kwari ne tun kafin ta taka wurin, akwai rahoton a kanta ta uku a ɗakin takardu. Ta gaya wa duk mai saurare ya cika ƙasa ya ɗaga harsashin gini kafin ya ɗora bulo. Waɗanda suka ji, ruwan bara ya tsaya musu a dokin ƙofa. Sauran ya kwana musu a ɗaki. Hamsin da ɗayan kuwa sun watse, wasu Kusiri, wasu wurin dangi, wasu ba wanda ya san inda suka nufa. Murja tana raɓe a rumfar ƙanwarta a Dembe. Kullum Malama sai ta tsaya ta gaishe ta. Wata rana Murja ta amsa, wata rana ta kau da kai.

Yaya Ilyasu ya yi wata takwas bai yi mata magana ba, gida ɗaya suke. Ya san ba don ita ba ko wannan kwarin ba za su samu ba, wataƙila sanin ne ma ya fi yi masa nauyi. Inna Indo har yau in la'asar ta yi sai ta ce a ɗauko mata takalmi, yamma ta yi, a koma gida.

Kwana uku bayan rusau Malama Rahmatu ta dawo aiki. Ranar Talata ce. Ta shigo aji da sanarwar nan, ta ɓamɓaro ta daga bangon masallaci kafin ya faɗi, har da ɓurɓushin siminti a bayanta. Ta sa aka kwafe ta a allo. Ta ce, "Ku fito da fensir, ja da shuɗi." Suka nemo wanda ya rubuta, da wanda aka ambata, suka daɗe kafin wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, ba a ce komai ba game da waɗanda ba nasu ne gidan ba." Sai a nan Malama ta fita baranda, ta buɗe famfo ta wanke fuska, ta dawo ta ƙarasa darasin.

Malama, ke kin ɗauka kin faɗi. Mu da muke kallo daga waje ba haka muka gani ba. Ɗalibanki suna garuruwan Mundu da Abeshe da Sar, suna ofisoshin garin nan, kuma an san su da abu guda: in aka miƙo musu takarda sai sun tambayi mutum nawa ne a wurin. Ba su da yawa, sau da yawa ba a saurare su, amma kafin ke babu mai tambayar. Kin ga abu yana tahowa tun da saura shekara biyar, kika faɗa aka yi miki dariya, ya zo aka ɗora miki laifi, kika koma aji.

Yanzu idon ya kai inda ko da gilashi ba ta iya bin layi. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, saura a lallaɓa wanda ya rage. Kausar ce ke karanta mata, ita tana sauraro kanta a jingine. Har yanzu ba a faɗi wanda zai karɓi ɗakin takardun ba, kuma ba a tabbatar darasin zai zauna a jadawalin baɗi ba. Wurin da Tudun Alhazai take an zagaye shi da kwano, ciyawa ta fito, ba a ɗora ko bulo ɗaya ba.

Kiranmu ga malamai da ɗalibai da duk wanda Allah ya ba shi karatu a garin nan shi ne, kada ku bar wannan aiki ya tafi gida tare da ita. In kun ga an manna takarda a bangon unguwarku, ku tsaya ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, da harshen da suke ji, har inda takardar ta yi shiru. In kuma ku ne ke rubutawa, ku je wurin da damina kafin ku sa hannu.

Da muka je gidanta muka ce za mu yi wannan rubutu, tana zaune a tabarma tana tsince wa Inna Indo ƙaya daga kifi da lalube. Ta saurare mu, ta girgiza kai.

"Kada ku rubuta na ceci unguwa. Ban ceci unguwa ba, ku je ku duba wurin."

"To me za mu rubuta, Malama?"

"Ku rubuta hamsin da ɗaya. Har yau ba wata takarda da ta fita da su."

Mun gode, Malama Rahmatu. Allah ya saka miki da alheri, ya tsare miki sauran ganin da ya rage, ya sanyaya zuciyarki. Mun kuma rubuta yadda kika ce: a Tudun Alhazai akwai gidaje hamsin da ɗaya da aka tasa ba a ba su komai ba, cikinsu har da Murja mai gyaɗa da 'ya'yanta uku.